Citta da Ciwon Suga: Sai an Auna Ake Sanin Magani

 

 An nemi in yi magana a kan citta da sauran saiwoyi da ganyayen da mutanenmu ke sha saboda ciwon suga. Na karɓi wannan aiki hannu bibbiyu, domin idan akwai garin da ya dace a yi wannan magana a cikinsa, to Kaduna ce.

Tun wajen 1927 aka fara noman citta gadan-gadan a kudancin lardin Zazzau na wancan zamani. Har gobe jiharmu ce ke kan gaba a Nijeriya, Nijeriya kuwa tana sahun farko a duniya tare da Indiya da Sin. Cittar da ake jiƙawa a Kano da Legas, da wadda ake lodawa zuwa ƙasashen Larabawa da Turai, akasarinta daga gonakin 'yan'uwanmu na Kachiya, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Kataf take fitowa. Manoma sun san iri biyu, tafin giwa da yatsun biri, 'yan kasuwar waje kuma suna neman tamu saboda yajinta da yawan manta. Duk mai shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko kasuwar Kawo sayen kayan ƙamshi bai manta da 2023 ba, shekarar da cutar ruɓa ta afka wa gonakin citta a kudancin jihar, manoma suka tafka asara, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Abin da ke tsiro a ƙasarmu, mu ya kamata mu fi kowa sanin gaskiyarsa.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri, don kada wani ya zauna yana jiran abin da ba zan faɗa ba. Citta abinci ce mai albarka, kuma akwai alamun tana ɗan taimaka wa mai ciwon suga. Amma ba ta warkar da ciwon, ba ta kuma tsayawa a madadin ƙwaya ko allura. Abin da zai raba gardama tsakaninmu da kowane mai magani, na asibiti ne ko na gargajiya, shi ne awo.

Kafin mu kai ga magani, mu fahimci ciwon kansa. Tuwo, shinkafa, burodi, doya, fura, duk jiki narkar da su yake yi su zama suga, sugan ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata 'yar gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Ku ɗauki jini a matsayin titin da ya ratsa kasuwa: suga shi ne kayan da motoci ke saukewa, insulin kuma su ne 'yan dakon da ke kwashe kayan suna shigarwa shaguna. Idan 'yan dako suka yi ƙaranci, ko masu shaguna suka ƙi buɗe ƙofa, sai kaya su jibge a kan titi, shaguna su zauna babu kaya, hanyar kuma ta lalace. Shi ya sa mai ciwon suga ke ci yana ramewa, jijiyoyin jininsa kuma suna lalacewa a hankali, musamman ƙananan da ke cikin ido da ƙoda da ƙafa.

Ciwon iri-iri ne. Akwai wanda ya fi kama yara da matasa, inda jiki ya daina yin insulin ɗungurungum. Wannan ba shi da wata mafita sai allura. Kafin Banting da Best su fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da irin wannan ba ya daɗewa a duniya. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar, ya farfaɗo. Ina roƙon iyaye su riƙe wannan da kyau: yaron da ke kan allurar insulin, idan aka dakatar da ita saboda wani jiƙo, cikin 'yan kwanaki yana iya suma ya mutu. Akwai kuma wanda ke zuwa wa mata da juna biyu. Sai na manya, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, kuma shi ne mafi yawan maganata za ta shafa.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 3.6 daga ciki a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya sami kusan mutum 6 cikin 100 a faɗin ƙasar, 3 cikin 100 a Arewa maso Yamma. Kada adadinmu ya sa mu saki jiki. Birni irin Kaduna, inda ƙafa ta bar tafiya ta koma kan babur da keke Napep, lemon kwalba kuma ya zama abin tarbar baƙo, ba ƙauye ba ne.

To, mene ne aka gano game da citta? Yajin da kuke ji a ɗanyar citta daga wani sinadari yake mai suna jinjarol. Idan ta bushe ko ta sha wuta, wani ɓangarensa ya kan juye zuwa shogawol, shi ya sa busasshiya ta fi zafi a maƙogwaro. A ɗakin gwaji, da kuma a jikin ɓeraye, an ga waɗannan sinadarai suna taimaka wa tsoka ta janye suga daga jini. Daga nan aka gwada a jikin mutane. Galibin gwaje-gwajen a Iran aka yi su, kowanne da mutanen da ba su kai 100 ba, na tsawon wata biyu zuwa uku, ana ba su garin citta giram 1.6 zuwa 3 a rana, wato abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. A wasu gwaje-gwajen suga ya ɗan sauka, a wasu kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Da masana suka tattara sakamakon wuri guda, su ma ba su yi baki ɗaya ba: wani nazarin ya ce sugan safe ya sauka, wani na 2019 ya ce sugan safe bai canza ba sai dai gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya ɗan gyaru.

Akwai abu guda a cikin waɗannan gwaje-gwaje da masu tallar magani ba sa faɗa. Mutanen da aka ba cittar, galibinsu suna kan maganinsu na asibiti, ba a ce su ajiye ba. Ƙari aka yi musu da ita. Don haka iyakar abin da mai gaskiya zai ce shi ne: citta tana iya ƙara wa maganinka ɗan ƙarfi. Ba a nuna tana hana makanta ko mutuwar ƙoda ba, domin wata uku ba ya isa a ga wannan. Ku kwatanta da gwajin da aka yi wa magungunan asibiti a Birtaniya, wanda ya ɗauki shekara 20, daga 1977 zuwa 1997, da majinyata sama da 5,000. Tazarar da ke tsakanin hujjojin biyu ke nan.

Na san za a ce an ambaci citta a Alƙur'ani mai girma, a Suratul Insan, cikin abin shan 'yan Aljanna, kuma Ibnul Ƙayyim ya kawo ta a cikin Zadul Ma'ad. Haka ne, kuma wannan daraja ce babba. Amma daraja daban, hukuncin cewa abu kaza yana warkar da cuta kaza a awo kaza daban. Addininmu bai hana mu bincike ba, ya ma umarce mu da neman magani da tambayar masana. Wanda ya jingina wa addini alƙawarin da addini bai yi ba don ya sayar da kwalba, ya ɗauki nauyi mai girma a wuyansa.

Yanzu ga inda abin ya fi damuna, kuma a nan nake so iyayenmu mata su ba ni kunnuwansu. Yaya muke shan cittar? Lemon cittar da ake ƙullawa a leda ko a ɗura a gora, ana sayarwa a ƙofar makaranta da tasha da wajen biki, da me ake kashe yajinsa? Da sukari, kuma mai yawa, domin citta mai zafi irin tamu ba ta shayuwa sai an danne ta. Haka zoɓo, haka kunun zaƙi, haka shayin da ake kira na kayan ƙamshi, wanda ake zuba wa madarar gwangwani mai zaƙi a ɗora da sukari. Mutum ya ji a rediyo cewa citta na maganin suga, sai ya riƙa shan gora biyu a rana da kyakkyawar niyya. Amfanin cittar da ke ciki ɗan kaɗan ne, illar sukarin kuwa tabbatacciya ce, nan take ake ganinta a na'urar gwajin suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lafiyayyen babba ma kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, cokalin shayi 12 ke nan, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda mai rabin lita ta cinye wannan kason gaba ɗaya. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kamfani a dokar kuɗi ta 2021, amma na gida da ake haɗawa a bokiti babu mai auna shi sai mai haɗawa.

Wasu kuma sukan ce sun bar sukari sun koma zuma ko mazarƙwaila. Zuma tana da falalarta, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, jini kuma bai san sunan abin da aka sha ba. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafa. Dabino ma, busasshe, wajen kashi biyu cikin uku nasa suga ne. Ɗaya ko biyu wajen buɗa baki ba laifi, faranti guda kuwa laifi ne ga jikin mai wannan ciwo.

Babban alherin da citta za ta yi wa mai ciwon suga, a ganina, a nan yake: ta koya wa harshe shan abu ba tare da zaƙi ba. Ruwan zafi da ɗanyar citta da kanumfari da ɗan lemon tsami yana da ɗanɗanon da zai gamsar da mutum. Zoɓon da aka dafa da citta da kanumfari, ba a sa sukari ba, sati biyu ya isa baki ya saba da shi, ga shi kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna zoɓo na ɗan sauke hawan jini, wanda shi da ciwon suga tare suke tafiya. Wanda ya musanya lemon kwalba da wannan ya ci riba tabbatacciya, ko da jinjarol bai yi masa komai ba.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa na raina itatuwa. Ƙwayar da aka fi ba masu ciwon suga a duniya, metfomin, wadda da yawanku ke da ita a aljihu yanzu haka, asalinta daga tsiro ne. A Turai akwai wani tsiro mai suna galega da magabatansu ke ba mai yawan fitsari da ƙishirwa. Da masana suka bincika, sai suka sami sinadarin da ke sauke suga a cikinsa, amma yana da guba. Magungunan farko da aka haɗa daga danginsa sun riƙa lalata hanta, aka janye su. Sai a 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada metfomin a jikin majinyata ya fitar da awon da ke aiki ba tare da kisa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau ma daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi, aikin da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace dangin maɗobiya, ta gwada shi a kan masu sikila, ta fitar da Niprisan, gwaji kuma ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Dukkan ukun hanya ɗaya suka bi: an ji daga bakin magabata, an gwada, an raba mai amfani da mai guba, an fitar da awo. Magabata sun yi nasu. Matakan da suka rage su ne muke tsallakewa.

Sauran abubuwan da ake sha ba zan daɗe a kansu ba, domin labarinsu kusan ɗaya ne da na citta. Hulba, wadda tun zamanin Ibn Sina ake ba masu wannan ciwo, tana da yauƙi da ke rage saurin shigar suga cikin jini, hujjarta ma ta ɗan fi ta wasu ƙarfi. Habbatussauda da kirfa an yi musu ƙananan gwaje-gwaje, sakamakon wani ya yi daɗi, wani bai yi ba; kirfar da ta fi yawa a kasuwa kuma tana da sinadarin kumarin, wanda yawansa ke cutar da hanta. Zogale da shuwaka da kuɓewa abinci ne nagari, a ci su a miya da kwaɗo, amma yawancin abin da ake faɗa a kansu a jikin ɓeraye aka gani. Ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka ta duba irin waɗannan ta ce hujjar ba ta kai a sa su cikin magani ba.

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatanmu, cewa tunda ciwon na zaƙi ne, ɗaci ne maganinsa. Ita ke sa mutane jiƙa maɗaci da darbejiya da garahuni su yi ta ɗirka, ana ganin gwargwadon ɗaci gwargwadon ƙarfin magani. Ɗaci a harshe yake tsayawa. Abin da ke wucewa cikin jini sinadarai ne, kuma hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin tace su. Ƙodar mai ciwon suga kuwa da ma a wahale take. Jiƙon da ba a san me ke cikinsa ba, ba a san yawansa ba, ana shan sa wata da watanni, yana cikin abubuwan da likitocin ƙoda a ƙasar nan suka daɗe suna kuka da su. Ku tambayi iyalin da ke kai mutum wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, su gaya muku abin da ake kashewa.

Me ya sa to mutane ke rantsewa cewa sun sha kaza sun warke? Ba ƙarya duka suke yi ba, sauƙin suka ji. Ga yadda abin yake. Ƙoda ba ta fara zubar da suga cikin fitsari sai ya haura wajen 180 a jini. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa ke farawa. Mutumin da sugansa ya kai 300, ya tsorata, ya bar lemo, ya rage tuwo, ya fara shan jiƙo, sugan ya dawo 170, zai daina tashi fitsari da dare, ya ce alhamdu lillahi na rabu da shi. Alhali 170 da safe kafin a ci komai ciwo ne sosai, yana nan yana cin ido da ƙoda shiru. Ma'aunin shi ne: wanda aka gwada da safe bai ci komai ba, idan ya kai 126 a na'urar da ke nuna manyan lambobi, ko 7.0 a mai nuna ƙanana, kuma aka maimaita aka sami haka, yana da ciwon suga. Daga 100 zuwa 125 yana bakin ƙofa. Gwajin wata uku, wanda ake rubutawa HbA1c a takardar asibiti, idan ya kai 6.5 ciwon ne. Gani ya kori ji.

Wani hatsarin kuma shi ne suga ya faɗi ƙasa da yawa. Mai shan gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil, ko mai allurar insulin, idan ya haɗa da jiƙo mai ƙarfi kuma bai ci abinci ba, sugansa na iya sauka ƙasa da 70: gumi, rawar jiki, jiri, ruɗewa, har suma. A irin wannan hali sukari ne maganin, a ba shi nan take in yana iya haɗiya, in ba ya iyawa a garzaya da shi asibiti. A Hong Kong da Amurka hukumomi sun sha kama magungunan da aka rubuta musu ganye zalla, da aka bincika sai ga ƙwayar asibiti an niƙa a ciki ba awo. Ita kanta citta, mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, da mai tsakuwar matsarmama, da wanda za a yi wa tiyata, su sanar da likita kafin su yawaita ta. Ga sauran mutane, giram 4 a rana shi ne iyakar da aka saba bayarwa, wuce haka ƙwannafi ne da zafin ciki.

Game da lambar NAFDAC da ake nuna muku a jikin kwalba, ku duba da kyau. Lambar maganin gargajiya da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba shi ta fuskar guba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ma ta hana a yi tallar wani abu da sunan yana warkar da ciwon suga. Mai lasifika a bayan mota da ke cewa kwalba uku ka rabu da suga har abada, doka yake karyawa a bainar jama'a.

Ba zan yi kamar ban san abin da ke tura mutane can ba. Talauci ne da tsadar magani. Tun daga 2023, da darajar naira ta faɗi, kamfanoni irin su GSK da Sanofi suka sanar da sauya yadda suke kasuwanci a Nijeriya, kuɗin insulin da ƙwayoyi da tsinken gwaji ya ninka. Dattijon da fanshonsa bai isa abinci ba, idan ya koma ga jiƙon naira ɗari biyar, ba jahilci ba ne ya kai shi. Abin da zan ce masa shi ne: kada ka ɓoye wa likita. Ka ce masa ba ka iya sayen wannan, akwai metfomin mai sauƙin kuɗi da ke aiki daidai da mai tsada. Ka nemi shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KADCHMA. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, idan majinyaci ya ce yana shan hulba ko citta, kada a daka masa tsawa. Wanda aka kunyata sau ɗaya ba zai sake faɗa ba, kuma ba zai daina sha ba. Masu hali da kwamitocin masallatai da na coci-coci, sayen insulin ga yaro maraya sadaka ce mai ceton rai a zahiri.

Idan ana neman maganin da ba na kwalba ba, wanda hujjarsa ta fi ta kowane ganye, to yana ƙafafunmu da farantinmu. A wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin ƙofar ciwon suka riƙa tafiya minti 150 a mako suka rage ƙiba kaɗan, hatsarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba metfomin kuwa da kashi 31. A Birtaniya, a 2017, kusan rabin masu ciwon da aka sa su rage ƙiba sosai ƙarƙashin kulawar likita sugansu ya dawo daidai bayan shekara guda ba tare da ƙwaya ba. Ba a kira shi warkewa, domin in ƙiba ta dawo shi ma yana dawowa, amma babu wani ganye da ya taɓa nuna kwatankwacin haka. Minti 30 a rana ne fa, kwana biyar a mako. Zagayen Dandalin Murtala da asuba ya wadatar, tafiya masallaci mai ɗan nisa da ƙafa ya wadatar. Iyayenmu mata da ba sa fita sosai, tsakar gida ma fili ne, maza kuma su ba su dama da ƙarfin gwiwa.

A faranti kuma, a rage malmala, a ƙara miya da ganye da wake. An daɗe ana gaya wa masu ciwon suga su koma tuwon alkama ko acca, har wasu na cin malmala uku da sunan magani. Alkama da acca da gero da dawa duk suga suke komawa. Wanda ba a cire masa dusa ba ya fi, amma yawan shi ne abin lura. Ga masu azumi, a ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita lokutan magani. Fatawar da ta yi fice ita ce soka yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar likitoci ita ce in suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300 a sha ruwa, a rama daga baya.

Mu a wannan gari ba mu da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana nan, Asibitin Yusuf Dantsoho yana Tudun Wada, babban asibitin Kawo yana nan, Cibiyar Ido ta Ƙasa tana hanyar Mando, inda mutane ke zuwa daga jihohi masu nisa. Mai ciwon suga ya je a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau. Ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya daina yawo ba takalmi, kada ya bari a yanke masa farce da reza har a taɓa nama. Gyambon ƙafa kuwa, don Allah, kada a tsaya barbaɗa masa gari a gida. Kwanakin da ake ɓatawa a nan su ne ke kai mutum ga yanke ƙafa.

Kirana ga jami'o'inmu ne da gwamnati. Abin takaici ne a ce mu ke noma citta, amma in muna son sanin amfaninta ga mai ciwon suga sai mun karanta abin da aka gwada a Iran, a jikin mutanen da abincinsu ba namu ba ne, da cittar da ba tafin giwa ba ce. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar harhaɗa magunguna da asibitin koyarwa a Shika. Jami'ar Jihar Kaduna tana da Barau Dikko, tana kuma da reshe a Kafanchan, a tsakiyar ƙasar citta. A ware kuɗi a yi gwaji na gaskiya, da mutane masu yawa, na shekara ɗaya ko biyu, a fito da sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Masu maganin gargajiya na ƙwarai, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suke tsoron Allah, su kawo abin da suka sani a gwada, a kuma kiyaye musu haƙƙinsu. Kafin lokacin, mafi ƙarancin abin da nake roƙonsu shi ne kada su ce wa kowa ya ajiye maganinsa na asibiti.

Ku kuma da kuke zaune a nan, duk wanda ya haura shekara 35, ko yake da ƙiba, ko hawan jini, ko akwai mai ciwon suga a gidansu, kuma bai taɓa gwaji ba, ina roƙonsa kada makon nan ya fita bai je an soki yatsarsa da safe kafin ya karya ba. Wanda kuma ke da ciwon yana shan citta ko hulba ko wani jiƙo, ya ci gaba da maganinsa, ya riƙa rubuta lambobinsa a littafi, ranar ganin likita ya tafi da littafin da kwalbar gaba ɗaya ya ajiye su a kan tebur.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.